Ɗakuna 59 Cikin Dutse

Ya kai mai karatu, ka san kogon kuka. Wataƙila ka taɓa fakewa cikinsa ranar da hadari ya tarar da kai a gona. Ka san rijiya, ka san ramin da ake ɗibar ƙasar gini. Amma kogon dutse, wanda mutum zai shiga ya kwana, ba mu da shi a Jiratawa. Ƙasarmu fadama ce da jigawa. In ka tashi daga Jiratawa ka bi ta Maraɗi har Tsibiri, rairayi da laka za ka taka, ba za ka ga tsauni ba.

To, akwai wani wuri a ƙasar Bauci, cikin Najeriya, inda mutanen dauri suka haƙa ɗakuna 59 cikin dutse. Yau baƙi na zuwa kallonsu, jagora na gaba suna biye. Labarin wurin nan za mu ba ka. In ka karanta har ƙarshe, za ka ga ya shafi kakanninmu na Gulbin Maraɗi.

Kogo iri biyu ne

Akwai kogon da ba hannun mutum a cikinsa. Yawanci ruwa ke yin sa. Ruwan sama yana shiga tsagin dutse, yana cin sa kaɗan kaɗan, kamar yadda ruwan indararo ke cin gindin bango. Bayan dubban shekaru sai rami ya buɗe ƙarƙashin ƙasa. Wani ƙarami ne, wani kuwa sai wanda ya gani. A Amurka akwai wanda ake kira Mammoth. Da aka auna hanyoyin da ke cikinsa, sun wuce kilomita 600, kamar daga Maraɗi zuwa Yamai.

Ka sha jin labarin kogo wajen malamai. A shekarar hijira, wato 622, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi da Sayyidina Abubakar sun ɓuya kwana uku cikin kogon Saur, kusa da Makka. Ka ga tun can kogo mafaka ne ga wanda ake nema.

Iri na biyu shi ne wanda mutane suka haƙa da hannunsu. Na ƙasar Bauci irin wannan ne. Suna cikin wani babban gandun daji da ake kira Yankari.

Hanyar zuwa

Mai zuwa Yankari daga nan zai bi ta Ɗan Isa, ya tsallaka iyaka zuwa Jibiya, ya shiga Katsina, ya wuce Kano. Hanyar Jibiya ta sha fama da ƴan bindiga, saboda haka mai niyyar tafiya ya tambayi direbobi a tasha kafin ya tashi. Daga Kano sai Wudil, sai Birnin Kudu, sai Ningi, sai Bauci.

In ka iso Birnin Kudu, ka tsaya. Nan za ka ga manyan duwatsu, wani bisa wani. Ƙarƙashin waɗansu akwai inuwa mai faɗi kamar rumfa. A jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude mutanen dauri sun zana shanu. Wajen 1955 wani Baturen Ingila, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya bincika zanen ya rubuta labarinsa.

Dubi shanun nan da kyau, za ka ga ba su da tozo. Shanun ƙasar Hausa na yau kuwa masu tozo ne. Marasa tozo sai ka je bakin tafkin Cadi, inda ake kiwon shanun kuri, ko kudancin Najeriya inda ake da muturu. Masana sun gano marasa tozo su ne suka fara zama a ƙasashen nan, masu tozo daga baya suka zo. Zanen nan ke nan ya daɗe ƙwarai.

Kusa da zanen akwai duwatsu masu amo. In ka buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙararrawa. Jikinsu duk gurabe ne, don yawan bugun da suka sha tun kaka da kakanni. Wanda ya zauna ya zana saniyarsa, ya kuma yi kiɗa da dutse, yana da sukuni. Ka riƙe wannan a ranka, don abin da za ka gani gaba dabam ne.

Gandun dajin Yankari

Daga Bauci za ka kama hanyar Gombe, ka ratse kudu a Dindima, har ka kai ƙofar gandu a ƙauyen Mainamaji. Daga ƙofar kuma akwai tafiyar kilomita 40 da ɗoriya cikin daji kafin ka kai masaukin baƙi, wanda ake kira Wikki. Daga Bauci zuwa Wikki kimanin kilomita 110 ne.

Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe dajin nan a 1956, don kada namun daji su ƙare. An buɗe shi ga masu kallo a 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi, a 2006 kuma aka mayar da shi hannun jihar Bauci. Akwai giwaye cikinsa, da ɓauna, da gwanki, da gwaggon biri. Da rani ake zuwa, lokacin da ciyawa ta bushe, dabbobi suka taru bakin gulbin Gaji. A Wikki akwai idon ruwa da ke ɓuɓɓugowa daga gindin dutse. Ruwan garau yake, da ɗumi kamar wanda aka surka don wanka, dare da rana, ko da hunturu.

Ba a barin baƙo ya shiga dajin shi kaɗai. Sai da jagora, ɗaya daga cikin ma'aikatan gandu. Shi ya san hanya, ya san sawun giwa, ya san inda za a tsaya da inda ba a sauka daga mota. Kogwannin suna kimanin kilomita 7 daga Wikki.

Cikin kogo

In kuka iso, za ka ga gangaren dutse. Irin dutsen nan ne da rairayi ya dunƙule ya zama shi, yana saruwa da ƙarfe. A jikinsa akwai ramuka zagayayyu, nan ɗaya, can ɗaya. Su ne ƙofofin. Faɗin kowace kamar rabin mita ne, wato kamu ɗaya, kamar bakin rumbun ƙasa. Babu mai shiga a tsaye. Ko kai wane ne, sai ka durƙusa ka yi rarrafe.

Jagora zai fara haska fitila ciki, don jemagu da macizai na son irin wurin nan. In ya ce ka shiga, sai ka sa kai. Da ka wuce ƙofar sai wurin ya buɗe ya zama ɗaki. Ƙananan ɗakunan faɗinsu mita ɗaya da rabi ne, manyan kuwa sun kai mita 4. Ciki da sanyi da duhu. Akwai kuma zane a jikin dutsen, waɗansu layuka miƙaƙƙu, waɗansu kamar haƙoran zarto.

Zauna kaɗan cikin ɗakin ka yi tunani. Kai manomi ne, ka san wahalar ginar rijiya cikin ƙasa mai tauri. Nan kuwa dutse aka sara, aka kuma fitar da ɓaraguzansa ta ƴar ƙofar nan da ka shigo. Aka yi haka sau 59. Ga itace a daji, ga ciyawa, ga ƙasar gini. Bukka aikin kwana biyu ce. Me zai sa mutum ya bar bukka ya sari dutse?

Kafin ku fita, jagora zai gargaɗe ka kada ka shafa zanen, kada ka rubuta sunanka a bango, kada ka ɗauki ko tsingaro. Ga dalili. A Faransa akwai wani kogo, Lasko, wanda samari huɗu suka gano a 1940. Cikinsa akwai zanen dawaki da shanun daji da ya kai shekara 17,000. An buɗe shi ga jama'a a 1948. Mutane suka yi ta tururuwa, har numfashinsu da ɗumin jikinsu suka soma ɓata zanen. A 1963 dole aka rufe shi. Sai aka gina wani mai kama da shi kusa, aka buɗe a 1983, masu kallo suka koma can. Abin da ya jure dubban shekaru, shekara 15 ta kusa lalata shi. Saboda haka in jagora ya hana, ka hanu.

Zamanin hari

Mu koma ga tambayarmu. Masu jagora za su gaya maka cikin ɗakunan nan mutane suka riƙa ɓuya zamanin yaƙi da kamun bayi. Ƙofar da kanta ta ishe ka shaida. Tana da wuyar gani daga nesa, tana da saukin toshewa, kuma mutum ɗaya ɗaya ke shiga. Mahayin doki ba shi da dabara a gabanta.

Mutanen da suka zauna dajin nan masu sana'a ne. A wani wuri da ake kira Shaushau akwai matoyar tama wajen 60, inda suke narka dutse su fid da ƙarfe. A Dukke kuma akwai rijiyoyi fiye da 100, haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa, don ajiyar ruwa. Yau duk kufai ne. An fi shekara 100 ba gari cikin dajin.

Ƙasar Bauci ta ga yaƙi da yawa. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa garin Bauci a 1809. Shi da magadansa sun daɗe suna yaƙi da ƙabilun da ke kewaye, ana kama mutane. Da yawa suka hau duwatsu suka zauna can. Wajen 1846 wani malami daga ƙasar Kano, Malam Hamza, ya yi ƙaura zuwa duwatsun Ningi. Daga baya Ningawa suka yi ƙarfi, su ma suka riƙa kai hari ƙasar Kano da Bauci da Zazzau. Talaka na tsakiya, ko wa ya zo shi ne abin kamu.

Wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, ya shiga Kano a 1851. Ya ƙiyasta bayin da ake fitarwa daga kasuwar Kano sun kai wajen 5,000 kowace shekara. Kowane ɗaya cikinsu ɗan wani ne, ko matar wani. Waɗansu a gona aka kama su, waɗansu a bakin rijiya.

Irin wannan tsoro ya sa mutane haƙa a wasu ƙasashe ma. A Turkiyya, a garin Derinkuyu, wani mutum yana gyaran gidansa a 1963 sai ya fasa bango, ya tarar da hanya. Ashe gari ne sukutum ƙarƙashin ƙasa, hawa bisa hawa, zurfinsa wajen mita 85. Akwai rumbuna da turke da rijiyoyi, da ƙofofin dutse masu kama da dutsen niƙa. Can mutanen garin ke shiga in mahara suka taso.

Mu fa, ina muka ɓuya?

Kakanninmu sun ga irin wannan zamani. Wajen 1807 jama'ar Shehu suka ci Birnin Katsina. Zuriyar sarakunan Katsina ta gudu arewa. Wajen 1819 mutanen fadamar nan suka yi tawaye, Ɗan Kasawa ya zo ya zauna Maraɗi. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi. Bayan haka ne Mayaƙi ya kafa Tsibiri, ta zama gidan sarautar Gobir.

Daga nan aka shekara da shekaru ana hari. A kawo mana, mu kai. Gaskiya ɗaya ce: mayaƙan Maraɗi su ma sun kama ɗiyan wasu. Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta fiye da shekara 20 ya rasu wajen 1875, ya kai hari da yawa ƙasar Katsina, har Kano da Zazzau. Yadda uwa a Jiratawa ke jin tsoron dawakin kudu, haka uwa a ƙasar Katsina ke jin tsoron dawakin Maraɗi.

Da yake ba mu da dutse, kurmi ne ya zama kogonmu. A lokacin, bakin gulbi duhun itace ne da sarƙaƙiya, doki ba ya ratsa shi da gudu. Mutane suka matsu cikin fadama, gari kusa da gari. Manyan garuruwa suka yi ganuwa, ƙanana suka yi kafi na itace da ƙaya. Abdulkarimun nan da ya bi ta Tasawa da Gazawa a 1851, ya tarar da Gazawa kewaye da kafi da gwalalo. Ya kuma ratsa dajin da ke tsakanin Gazawa da Katsina, inda ayari ke tafiya da fargaba, ya ga kufan Ɗankama.

Jigawar da kake nomawa yau, da yawanta daji ce a lokacin. Ba mai yarda ya kwana can da iyalinsa. Sai bayan 1900, da hari ya lafa, mutane suka fito daga fadama suka sari daji suka kafa ƙauyuka. Tambayi tsofaffi, za ka ji ƙauyuka da yawa na jigawa ba su wuce kaka uku ko huɗu ba.

Ingila ta ci Bauci a 1902, Kano da Sakkwato a 1903. Ta hana kamun bayi da cinikinsu. Faransa ma ta yi doka irin wannan a 1905. Amma Turawa sun zo da nasu zalunci. Ayarin sojan Bule da Shanuwan ya ƙone garuruwa a ƙasar nan a 1899, aikin tilas kuma bai ƙare ba sai 1946. Bauta ma ba ta mutu rana ɗaya ba. Sai a 2003 Nijar ta yi dokar da ta sa ɗauri ga duk wanda ya bautar da mutum.

Sunan wa ya zauna?

In ka tambayi jagora sunan kogwannin nan, zai ce maka kogon Marshall. P. J. Marshall wani Bature ne mai bincike, wanda ya ga ɗakunan a 1980 ya sanar da duniya. Bai sari dutsen ba, bai kwana ciki da tsoro ba. Amma shi ya rubuta, sai sunansa ya zauna. Waɗanda suka haƙa kuwa, ba su bar takarda ba. Sun bar ɗakuna 59 da layuka a bango, ba sunan maigida ko ɗaya, ba sunan matar da ta yi goyo cikin duhun nan.

Ga wani misali kuma. Akwai wata tsohuwa, Baba, mutuniyar Karo ta ƙasar Kano, an haife ta a 1877. Ba ta iya rubutu ba. A 1949 da 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, ta ba ta labarin rayuwarta. Ta faɗi yadda mahara ke kama mutane, da yadda dangi ke tara kuɗi su fanso su. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Har yau ana karanta shi a manyan makarantu na duniya. Tsofaffi irin Baba suna nan cikin kowane gari. Ita dai ta sami mai rubutawa.

Kogonmu na kurmi ma ya tafi. An sare shi, ya zama gonaki da lambuna. Mutanen Yankari sun bar dutse, mu kuwa abin da ya rage yana bakin tsofaffi, abin da suka ji daga kakanninsu. Duk tsohon da aka kai kushewa, da nasa rabon labarin yake tafiya.

Kada ka ce wannan zance ya wuce. A 2019 mutane fiye da 40,000 daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako jihar Maraɗi, suna gudun ƴan bindiga. An saukar da waɗansu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ƙauyukan bakin iyaka na Madarunfa da Gidan Rumji su ma sun ga satar shanu da kamun mutane don kuɗin fansa. Waɗanda suka karɓi baƙin nan jikokin masu ɓuya ne. Wanda ya san yadda kakansa ya kwana cikin ƙaya, ba zai rufe wa ɗan gudun hijira ƙofa ba, ba zai kuma sayi saniyar sata ba.

To, mai karatu, ko ba ka sami zuwa Yankari ba, akwai aikin da za ka iya. Yanzu ka iya riƙe alƙalami. Ɗauki littafinka ka je wurin tsohon da ya fi kowa shekaru a garinku, namiji ko mace. Gaishe shi, ka zauna. Tambaye shi wa ya kafa garin, daga ina ya fito, me ya taso shi. Tambaye shi ina kafi ya tsaya, ina ake ɓoye mata da yara, ina ake ɓoye hatsi. Tambaye shi wa aka kama, wa aka fanso, wa bai dawo ba. Rubuta sunaye kamar yadda ya faɗa. Sa sunan wanda ya ba ka labari, da ranar da kuka zauna. In ka gama, kai wa malaminku na yaƙi da jahilci, a karanta gaban jama'a, wanda ya san gyara ya gyara. Sa'an nan ka ajiye takardar cikin akwati, inda gara ba za ta kai ba.

Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Waɗanda suka sari dutsen Yankari sun san haka tun kafin mu. Allah ya ba ƙasashenmu lafiya, ya sa kada jikokinmu su nemi wurin ɓuya. Amin.